Adakar faya-fayen Baba: a fara dubawa kafin a sayi garmaho

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara. Da muke kintsa ɗakinsa sai muka tarar da adaka cike da faya-fayen garmaho, sun kai 40, akwai na Shata, akwai na Indiya. Wani a kasuwa ya nuna mini garmahon nan na da, wanda ake murɗa masa hannu. In saya? Kuma yaya zan wanke su? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. 'Yar'uwa, don Allah riƙe kuɗinki tukuna.

Fara zazzage adakar a kan tabarma, ki duba takardar da ke tsakiyar kowane faifai. Galibi za ki ga an rubuta 78, ko 45, ko 33, wato yawan zagayen da yake yi a minti ɗaya. Mai 78 shi ne tsoho: nauyi gare shi, ba ya lanƙwasa, in kin ƙwanƙwasa shi da farce sai ki ji kamar tangaran. Da wani irin ƙaro ake yin sa, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, kuma kowane gefe bai fi waƙar minti 3 zuwa 4 ba. In ya faɗi ƙasa, shi ke nan. Masu 33 da 45 kuwa na roba ne, marasa nauyi. Kamfanin Columbia na Amurka ya fito da mai 33 a 1948, RCA Victor ya biyo baya da mai 45 a 1949.

Garmahon da aka nuna miki na masu 78 ne kaɗai. Allurarsa ƙarfe ce, kan da ke riƙe da ita ya haura giram 100, alhali faifan roba kimanin giram 2 yake buƙata. In kika ɗora masa na roba, allurar za ta bi layin waƙar ta keta shi kamar garma a gona, kuma ba a gyarawa. Ina kyautata zaton yawancin na Shatan nan na roba ne, don haka mai aiki da lantarki ya kamata ki nema. Ki tabbata bel ɗinsa, wato zaren robar da ke juya faifan, bai saki ba, kuma amfilifayar, wato na'urar ƙara sauti da za a jona shi da ita, tana da wurin jonawa da aka rubuta PHONO, in ba haka ba da ƙyar za ki ji sautin. In garmahon ɗan Amurka ne ki yi hattara: ƙarfin wutar lantarkinsu 120 ne, namu 230, kuma wasunsu ko an sa musu taransifoma juyinsu a hankali yake a nan, sai muryar mawaƙi ta yi kauri. Masu 78 kuma, ko a mai lantarkin, allurarsu daban ce, ta fi kauri.

Batun wanki, kada sifirit ya kusanci mai 78. Ina saurayi na goge wani faifan kawuna da shi a Kano, ina gani ƙyallen ya yi baƙi, fuskar faifan ta yi danƙo, waƙar ta tafi. Kawu bai yi mini faɗa ba, ya dai daɗe yana riƙe da faifan a hannu. Har yau abin na damuna. Ruwa mai tsabta marar kanwa, ɗigon sabulun wanke-wanke, da ƙyalle mai laushi sun wadatar. Ki bi layin a zagaye, kada ki ratsa shi, kada takardar tsakiya ta jiƙa, kada ki bar shi cikin ruwa. Ki jingine shi a inuwa ya sha iska.

Daga nan ki jera su a tsaye cikin rigunansu, ba ɗaya kan ɗaya ba, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano yana lanƙwasa na roba, ƙurar hunturu kuma ita ke kawo ƙaras-ƙaras ɗin nan. Ranar da za ki fara kunnawa, ki ajiye waya kusa da sifika ki naɗi sautin, ki tura wa sauran 'ya'yan Baba.