Amsa: Shekara biyar ko goma kafin takardar zama ta dindindin a Birtaniya?

Malama, kin tambaya ko sabon tsarin zai shafe ki tunda kin shiga shekara ta huɗu da bizar aiki. A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta gabatar da shawarar mayar da wa'adin jira daga shekara 5 zuwa 10, amma matan 'yan ƙasa da mazajensu za su ci gaba da bin shekara 5. Shawara ba ta zama doka sai an sanya ta cikin ƙa'idojin shige da fice, kuma yawanci ƙa'idar ranar da kika shigar da takarda ce ake bi. Don haka ranar da kika cancanta, ki nema, kada ki jinkirta.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne lissafin tafiye-tafiye. Don takardar zama ta dindindin, kada ki wuce kwana 180 a wajen Birtaniya cikin kowane wata 12. Idan kin zo neman zama 'yar ƙasa kuwa, iyakar kwana 450 ce cikin shekara 5, da kwana 90 a shekarar ƙarshe. Ki buɗe fasfo, ki bi hatimi ɗaya bayan ɗaya, ki haɗa da tikitin jirgi, har na Umara da na zuwa gida biki. Akwai tarkon da ake mantawa wajen neman zama 'yar ƙasa: dole a ce kina cikin ƙasar a daidai ranar da ta kasance shekara 5 kafin ranar da takardarki ta isa hannun hukumar shige da fice.

Jarrabawar Life in the UK, wato ta sanin rayuwa a Birtaniya da ake buƙata don samun takardar, tambaya 24 ce, ana so ki ci 18. Ki zauna ta tun yanzu, sakamakonta ba ya lalacewa.