An shafa wa gidana jan fenti saboda babbar wayar wuta, ina da diyya?

Tambaya: Barista, na sayi fili a bayan garin Bauchi hannun dillali, na gina har na tare da iyali, yanzu an zo an shafa jan fenti wai gidan yana ƙarƙashin hai tenshan za a rushe. Za a biya ni?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita. Maganar duk tana kan abu ɗaya, waye ya riga wani zuwa wajen, wayar ko ginin?

Doka ta ware wa kowane layi filinsa da ba a gini a ciki. Layin 330kV (kV ma'aunin ƙarfin wuta ne) irin wanda ya taso daga Jos ya ratsa jiharmu zuwa Gombe, faɗin filinsa mita 50 ne, wato 25 kowane gefe. Na 132kV mita 30, na 33kV da 11kV mita 11. Manyan layukan na TCN ne, kamfanin gwamnati mai dakon wuta, ƙananan na JED, kamfanin raba wuta na Jos, NEMSA kuma, hukumar duba ingancin ayyukan lantarki, ita ke sa ido kan kariya. Don haka ka fara samo safiyo ya auna daga tsakiyar layin zuwa bangonka, wani lokaci katanga ce kawai ta shiga ba ɗakuna ba.

In ginin ya riga, sai daga baya aka kafa turakun, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 sashe na 28 da 29 ta ba ka haƙƙin diyyar abin da ka gina, ka tattara takardunka da hotuna mu rubuta wa waɗanda suka shafa fentin. Amma in wayar na nan ka saya, gaskiya ba zan ɓoye maka ba diyya da wuya, takardar mai unguwa ba ta halatta gini a wajen, wanda za ka bi shi ne wanda ya sayar maka, shi ma zai ce ai ka ga wayar da idonka, shi ya sa shaidun ciniki da abin da ya faɗa maka ranar suke da muhimmanci. Kar ka ja lokaci, ƙara tana da wa'adi.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Irin wannan wutar ba sai an taɓa ta ba, tana tsallakowa ta iska, kafinta ya ɗaga kwano ko rodi a saman rufi shi ke nan. Don Allah kar kowa ya hau rufin nan, kar yara su ɗaga doguwar gora, in da hali ka kwashe iyali tun kafin damina.