Hukuncin Rubuta Labarin Musulmi da Ya Auri Kirista

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Gadarif, a ƙasar Sudan. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wani Bahaushen garin Mai Wurno na nan Sudan da ya auri Kirista 'yar Kudancin Sudan. Da ƙasa ta rabu a 2011 uwar matar ta koma Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, shi kuma kullum begen Sakkwato yake, garin kakanninsa da bai taɓa gani ba. Yayana ya ce na yi ƙarya kuma na tallata kafirci. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahi. 'Yata, rubutunki halal ne. Ƙarya ita ce a gaya wa mutum abu don ya ɗauka ya faru, mai karanta ƙagaggen labari kuwa ya san ƙagawa aka yi.

Auren da kika zana yana cikin aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta kamammun mata daga Ma'abota Littafi. Sayyidina Usman ya auri Na'ila tana Kirista, daga baya ta musulunta. Imamu Malik ya karhanta irin wannan aure saboda tarbiyyar 'ya'ya, to ki bar wannan damuwa ta fito a labarin, domin gaskiya ce. Da a ce Musulma ce ta auri wanda ba Musulmi ba, wannan haramun ne bisa aya ta 10 ta Mumtahana. Marubuci na iya ba da labarin faruwarsa, ƙawata shi ne bai halatta ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne surukar nan ta Juba. Marubutanmu sun saba mayar da dangin da ba Musulmi ba miyagu, su nuna yanke su shi ne taƙawa, wannan kuwa zalunci ne ko a takarda. Mahaifiyar Asma'u 'yar Abubakar ta zo Madina tana mushrika, Annabi (SAW) ya umarci Asma'u ta sada zumunci da ita, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ki bar jikokin su gaishe da kakarsu, su aika mata abin da ya sawwaƙa, su riƙe sallarsu.

Begen gida kuwa ɗabi'a ce. Tirmizi ya ruwaito Annabi (SAW) yana gaya wa Makka cewa da mutanenta ba su fitar da shi ba, da bai zauna wani gari ba. Jikan waɗanda suka yi hijira zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Turawa suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru, ba shi da laifi in ya yi kewar Sakkwato, kuma Sudan ma ƙasarsa ce. Sai dai kada ki sa maganar "son ƙasa yana cikin imani" a matsayin hadisi, ba ta inganta ba.

Ki ba yayanki ya karanta kafin ki fitar. Wallahu a'alam.