Turi da kwarara: raba "ƙarfin wuta" gida biyu a ajin kimiyya

Wata malamar kimiyya ta rubuto: "Ɗalibaina 'ƙarfin wuta' suke ce wa boltej, shi kuma suke ce wa karant. Da waɗanne kalmomi zan raba musu su? Wani yaro ya kawo karin maganar 'sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi'. Ta dace da darasin?"

Malama, yaran ba su da laifi. Idan ƙwan fitila ya dusashe mukan ce wuta ba ta da ƙarfi, ba mu faɗi abin da ya ragu ba. A aji kuwa dole a faɗa.

Boltej ki kira shi "turi", wato abin da ke ingiza cajin lantarki ya zagaya cikin waya. Ana auna shi da bolt, daga sunan Alessandro Volta ɗan Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800. Karant kuwa "kwarara" ce: yawan cajin da ke wucewa ta wani wuri a waya cikin daƙiƙa ɗaya, ana auna ta da amfiya, daga sunan Bafaranshen nan André-Marie Ampère. Ki guji "gudun wuta", don gudu sauri yake kawo wa yaro a rai, alhali yawa ake nufi. Na ukunsu "turjiya", wato yadda abu ke tauye kwararar wuta, ma'auninta om. Bajamushe Georg Ohm ne ya bayyana alaƙarsu a 1827: a raba turi da turjiya, a sami kwarara.

Kalmomin za su zauna ne idan yara sun gani da idonsu. Ki jera batir biyu masu bolt 1.5, kan wannan a gindin wancan, turi ya zama bolt 3. Ki sa resisto (ɗan abin da ke kawo turjiya) mai om 100, mitar auna kwarara za ta nuna kusan amfiya 0.03. Ki canza shi da mai om 200: turi na nan kusan yadda yake, kwarara ta koma 0.015. Mitar turi a gefe ake ɗora ta, ƙafafunta biyu a bakunan resisto. Ta kwarara sai an cire waya an sa ta a kan hanya, wuta ta bi ta cikinta. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne dafa mitar kwarara kai tsaye a kan batir. Turjiyarta kaɗan ce ƙwarai, sai wuta ta kwararo da yawa, fiyus ɗinta ya ƙone.

Karin maganar kuwa ma'anarta jama'a masu haɗin kai sun fi ƙarfin ƙato guda. Yaron ya hango wani abu: tartsatsin da ke tsunkulin yatsa idan an taɓa ƙarfe lokacin da iska ta bushe yakan kai dubban bolt, amma cajin kaɗan ne, nan take ya ƙare. Abin da ke illa shi ne kwararar da ta ratsa jiki. Sai dai karin maganar kishiyoyi ta mai da yawa da ƙarfi, a lantarki kuwa turi ne ke haifar da kwarara. Idan turjiya ba ta canza ba, ƙara turi ƙara kwarara ne. Ki faɗa musu wannan ƙarara, kada wani ya ɗauka babban turi ba ya kisa, kuma gwajin ya tsaya a kan batir, ban da soket ɗin bango.