Hukuncin Ɗaukar Launin Shuɗi a Matsayin Alamar Fatan Alheri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni mai ɗinki ce, na yi doguwar jinya har shagona ya daɗe a rufe. Da na samu sauƙi zan sake buɗewa, sai 'yata ta ce in sa a yi masa fenti shuɗi, wai ta karanta cewa shuɗi launi ne na fatan alheri da kwanciyar hankali. An yi fentin, kuma ina jin daɗinsa a raina. Sai wani maƙwabcinmu ya ce wannan camfi ne, har ya ce shuɗi launin 'yan wuta ne a Alƙur'ani. Bayan haka ƙanwar maigidana da ta dawo fatauci daga Turkiyya ta kawo mini wani ɗan dutse shuɗi mai siffar ido, ta ce in rataye shi a ƙofar shagon saboda kambun baka. Mene ne hukuncin waɗannan abubuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa jinyar da kika yi ta zama kankarar zunubi.

Fentin da kika yi halal ne, kuma babu dalilin goge shi. Asali a sha'anin launi, na tufa ne ko na gini, shi ne halasci har sai nassi ya zo da hani, domin Allah ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce, wane ne ya haramta adon Allah wanda ya fitar domin bayinsa?" Abin da ya tabbata a Sunna shi ne kwaɗaitarwa a kan farin tufa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Abbas, sai kuma hani ga maza game da tufan da aka rina da usfur (wani tsiro da ake yin rini mai ja-ja da furensa), wanda Muslim ya ruwaito. Shuɗi bai shiga cikin wanda aka hana ba, kuma ba a keɓe shi da wata falala ba.

Ayar da maƙwabcinki yake nufi ita ce ta 102 a Suratu Ɗaha, inda Allah ya ce zai tara masu laifi a ranar ƙiyama "zurƙa". Malaman tafsiri sun ce ana nufin idanunsu za su yi shuɗi saboda tsananin firgici da ƙishirwa, wasu kuma sun ce ana nufin za a tashe su makafi. Wannan bayani ne na halin da mutum zai shiga a wannan rana, ba hukunci ba ne a kan rini ko fenti. Da irin hujjarsa za ta yi aiki, da baƙi ya fi cancantar a guje shi, domin aya ta 106 a Suratu Ali Imrana ta ce fuskokin waɗanda suka kafirta za su yi baƙi, alhali Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya shiga Makka ranar da aka buɗe ta sanye da baƙin rawani. Ina yi wa maƙwabcin naki kyakkyawan zato cewa kishin addini ne ya sa shi magana, sai dai haramta abu da ayar da ba a duba tafsirinta ba kuskure ne mai nauyi.

Maganar da 'yarki ta karanta kuwa ma'ana ce da mutane suka ɗora wa launin, kuma irin wannan ma'ana tana sauyawa da sauyin wuri da zamani. A Misira, shekara ta 700 bayan Hijira, hukumar Mamluk ta tilasta wa Kiristoci naɗa shuɗin rawani domin a bambanta su da Musulmi. A ƙasar Hausa kuwa tufan da aka rina da baba shi ne adon sarakuna da malamai da attajirai. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan har yau, kuma rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda ake bugawa har ya yi ƙyalli ya riƙa bar wa mai shi shuni a goshi da kumatu, ya kai har wurin Buzaye a cikin Sahara. Malaman ƙasar nan sun rayu shekaru aru-aru cikin wannan al'ada suna limanci da irin waɗannan tufafi. Saboda haka idan wani ya ce shuɗi yana tuna masa sararin sama bayan ruwa ya ɗauke, kuma ransa yana sanyi idan ya gan shi, wannan daidai yake da wanda ya ce ƙamshin turare yana faranta masa rai.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne bambanci tsakanin fatan alheri da camfi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya kore camfi, sannan ya ce "al-fa'alu" yana burge shi, da aka tambaye shi ma'anarsa sai ya ce: "Kalma mai daɗi." Misalinsa ya faru a sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu ɗan Amru, sai Annabi (SAW) ya ɗauki sauƙin da ke cikin ma'anar sunansa ya gaya wa sahabbai cewa al'amarinsu ya sauƙaƙa. Ki lura cewa bai gina sulhun a kan sunan ba, kuma da wani aka aiko mai suna daban ba zai fasa ba. Sunan ya ƙara masa kyautata zato ga Allah ne a kan abin da ya riga ya ƙudurta. To haka ma launin shagonki: idan kin shiga da safe kin ji zuciyarki ta buɗe, kin ce Allah ya kawo kasuwa mai albarka, ba ki yi laifi ba. Amma idan ya kai ga kina ganin fentin ne yake jawo masu kawo ɗinki, ko kuma ranar da ya koɗe kika fara jin tsoron arziki zai gudu, ko kika ƙi karɓar hayar wani shago mai kyau don kawai ba shuɗi ba ne, to a nan an fita daga fatan alheri an shiga camfi, ko da kuwa camfin yana sanye da rigar fata nagari.

Dutsen nan kuwa hukuncinsa daban ne, domin ba don ado aka ba ki shi ba, an faɗa miki aikin da ake so ya yi. Na san irinsa: gilashi ne shuɗi, da da'ira fara a tsakiya da ɗigon baƙi, Turkawa suna kiransa nazar, ana rataye shi a mota da ƙofar gida da rigar jariri. Kambun baka gaskiya ne, hadisi ingantacce ya tabbatar da shi, amma gilashi ba ya tare shi, kuma shari'a ba ta sanya shi sababin kariya ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Bashir al-Ansari cewa Annabi (SAW) ya aika a tsinke abin da ake rataya wa raƙuma a wuya na tsirkiyar baka, kuma Malik ya ce yana ganin saboda kambun baka suke rataya shi. Imam Ahmad ma ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa wanda ya rataya tamima, wato abin da ake ratayawa don neman kariya daga kambun baka ko wata cuta, ya yi shirka. Malamai sun fayyace cewa wanda ya ƙudurta cewa dutsen da kansa yake karewa ya faɗa babbar shirka, wanda kuwa ya ɗauke shi sababi alhali yana ganin Allah ne mai karewa ya faɗa ƙaramar shirka, kuma dukansu haramun ne. Ko da kin ce don ado kawai za ki rataye shi, ban ga ya dace ba, saboda duk wanda ya san shi zai ɗauka kin yarda da abin da ake cewa yana yi.

Kada ki rataye shi, kuma kada ki bai wa wani, ki fasa shi ki zubar. Ƙanwar maigidan naki ki yi mata bayani cikin lumana ke da ita, ba a gaban mutane ba, domin da nufin alheri ta kawo miki tsaraba, kuma mai yiwuwa ba ta san hukuncin ba. Kariyar da aka karantar da mu ita ce Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku safe da yamma, sannan wanda ya shigo shagon ya ga abin da ya burge shi a tuna masa ya sa albarka.

Allah ne mafi sani.