Tazarar haihuwa da darasin balaga a makaranta: da gaske addini ya yarda?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Funtuwa. Maiɗakina ta yi haihuwa ta shida, kuma a wannan karon ta zubar da jini har sai da aka yi mata ƙari. Likita ya ce ta huta shekara biyu zuwa uku kafin wani cikin. A gefe guda kuma 'yarmu ta fari, mai shekara 12, ta zo gida da littafin makaranta da ke maganar balaga da jinin al'ada da cutar ƙanjamau. Abokaina a majalisa sun ce duka biyun shirin Turawa ne na rage yawan Musulmi da lalata tarbiyya. Amma ina jin wasu malamai a rediyo suna goyon bayan abin. Shin addini ya yarda ne, ko dai saye su aka yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa maiɗakinka lafiya, ya raya abin da aka samu. Ni ungozoma ce, kuma ina karantar da fiƙihu a Islamiyyar matan aure, saboda haka tambayarka ta taɓa ayyukana biyu. Malaman da ka ji ba sabon abu suka zo da shi ba, magana ce da ke cikin littattafan da aka karantar da kakanninmu a zaure.

Bari mu fara da maiɗakinka, domin nata ya fi gaggawa. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya ce sun kasance suna yin azalu, wato namiji ya zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. A wata ruwayar Muslim ya ƙara da cewa labarin ya kai ga Annabi (SAW) kuma bai hana su ba. A kan wannan ne mafi yawan malamai suka gina halascin hana ɗaukar ciki na wani lokaci. Imam Malik ya sa sharaɗi a Muwaɗɗa: miji ba zai yi azalu ga matarsa 'ya ba sai da izininta. Ka lura da wannan sharaɗin, domin tun ƙarni na biyu na Hijira aka tabbatar wa mace cewa tana da ta cewa a kan ɗaukar ciki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa dalilan da ke sa mutum ya yi azalu, ciki har da tsoron lafiyar matar da tsoron kada yawan iyali ya jefa shi neman abin da bai halatta ba, kuma bai haramta su ba.

Akwai masu ja, kuma suna da hujja. A hadisin Judama 'yar Wahbu, Annabi (SAW) ya kira azalu ɓoyayyen binne jariri, kuma Ibnu Hazmi ya dogara da shi ya haramta. Sauran malamai sun haɗa shi da hadisin Jabir suka ce iyakarsa karhanci. Abin da nake so ka gani a cikin hadisin Judama shi ne ɗaya ɓangarensa: Annabi (SAW) ya ce ya yi niyyar hana saduwa da mace mai shayarwa, sai ya duba Rumawa da Farisawa ya ga suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Wato a sha'anin lafiyar jiki an duba abin da jarrabawa ta nuna, ko da a wurin waɗanda ba Musulmi ba ne. Maganar likitanku tana da mazauni a nan.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disambar 1988 ta yanke hukunci mai rassa uku. Gwamnati ba ta da ikon kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya. Kashe ƙwayar haihuwa kwata-kwata, ga namiji ko mace, haramun ne sai da lalura. Ba da tazara ko dakatawa na wani lokaci kuwa ya halatta idan akwai buƙata, da shawara da yardar juna, ta hanyar da ba ta da cutarwa kuma ba ta taɓa cikin da ya riga ya shiga. Kafin nan an yi taron malamai a Rabat a 1971 kan wannan batu, kuma Jami'ar Azhar ta buɗe cibiyar nazarin yawan al'umma tun 1975. Haka maƙwabtanmu Kirista sun yi irin wannan muhawara: Cocin Anglika ya halatta a 1930, Cocin Katolika kuma a 1968 ya tsaya a kan lissafin kwanaki kaɗai.

Ayar da ta ce kada ku kashe 'ya'yanku don tsoron talauci tana magana ne a kan ɗan da ya samu. Zubar da ciki kuma babi ne dabam, kada a cakuɗa maka su. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne ba a zubar da ciki ko kafin kwana 40, wasu Hanafawa sun sassauta kafin kwana 120 idan da uzuri, sannan bayan an busa rai babu mai halattawa sai don ceton ran uwa. Dokar Najeriya ma a nan ta tsaya. Hadisin da ya ce Annabi (SAW) zai yi alfahari da yawanmu gaskiya ne, amma matar da ta rasu a haihuwa ta bakwai ta bar marayu shida ba ta ƙara mana yawa ba.

Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, ya ce ciki da yaye wata talatin ne a Suratul Ahƙaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Iyayenmu mata sun san haka ba tare da takarda ba. Mace ta tafi wankan jego gida ta daɗe, kuma idan ta yi kunika sai tsofaffi su yi ta yi wa mijin faɗa. Yanzu zaman gida ya gajarta, tsofaffin sun yi shiru, sai muka bar al'adar ba mu sa komai a madadinta ba.

Sakamakon muna ganinsa a ɗakin awo. Mace za ta shigo da goyo a baya, ciki ya fito a gaba, in ja fatar idonta ƙasa in ga fari fat, tafin hannunta ba alamar jini. Na bayan ya daina samun nono, gashinsa ya fara ja. Irin wannan mahaifar da ba ta huta ba, idan aka sauka sai ta kasa tsukewa, jini ya ɓalle, kuma zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma kashi 12 cikin ɗari kacal na matan aure ke amfani da hanyar tazara ta zamani. Wadda ta taɓa zubar da jini tana cikin haɗarin maimaitawa. A hali irin na maiɗakinka ni ban ɗauki hutun a matsayin zaɓi kawai ba, haƙƙinta ne a wuyanka.

Abokanka na majalisa ba daga sama suka ɗauko zarginsu ba, kuma ba na son a raina su. A Indiya, tsakanin 1975 da 1977, an yi wa miliyoyin maza aikin hana haihuwa na dindindin, da yawansu bisa tilas. Sin ta ƙayyade wa iyali ɗa ɗaya shekara da shekaru. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. To amma hukuncin Kuwait ɗin nan da kansa ya toshe ƙofar tilas. Wanda ya tilasta wa mace ta daina haihuwa azzalumi ne, wanda ya hana ta hutu alhali jininta ya ƙare shi ma haka.

Sai maganar 'yarka. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa da an gama tauhidi a Risala, babin da ke biye shi ne na abin da ke wajabta alwala da wanka, inda aka bambance maziyyi da wadiyyi da maniyyi dalla-dalla. Ahalari yana da fasalin haila da na biƙi, kuma yara ake karantar wa. Ummu Sulaim ta tambayi Annabi (SAW) ko mace na yin wanka idan ta yi mafarki, ta fara da cewa Allah ba ya jin kunyar gaskiya. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. An umarce mu mu raba wa yara shimfiɗa a shekara goma, Suratun Nur kuma ta koya musu neman izini a lokuta uku kafin su shiga ɗakin iyaye. Yarinyar da ta balaga alƙalami ya hau kanta, yaya za ta san ranar da za ta bar salla da ranar da za ta yi wanka idan ba a gaya mata ba? Na taɓa karɓar wata yarinya da ta ga jini ta ɗauka ciwo ne, ta ɓoye da tsumma a ƙarƙashin katifa tana kuka, tana tsoron a ce ta yi wani abu. Uwarta tana ɗaki ɗaya da ita.

Inda malamai suka ja layi shi ne abin da ake koyarwa da lokacin koyar da shi da kuma mai koyarwar. Kundin koyar da ilimin jima'i da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta a 2018 yana ɗauke da batutuwa kan jinsi da mu'amala kafin aure waɗanda malamanmu ba su amince da su ba, ni ma ban amince ba. Amma manhajar Najeriya ba shi ba ne kai tsaye. Bayan ƙorafin shugabannin addini an sake mata fasali a farkon shekarun 2000 ta koma ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, ta fi ba da ƙarfi ga kame kai, aka kuma bar wa jihohi su daidaita ta da al'adunsu. A Nuwambar 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja, yana ganin aikin iyaye da malaman addini ne. Na yarda aikinmu ne. Damuwata ita ce ba ma yi, kuma wayar da ke hannun ƙawarta ba ta jiran izininmu. Yaran da ake kawo mana bayan an yi musu fyaɗe, yawanci wanda suka sani ne ya ɓata su, maƙwabci ko ɗan uwa ko mai shago, kuma ba a taɓa gaya musu cewa akwai wurin da ba a taɓawa a jikinsu, ko wa za su faɗa wa idan an taɓa.

Ka karɓi littafin nan ka karanta shi daga bango zuwa bango, kai da mahaifiyarta. Idan bayanin balaga ne da tsafta da hanyoyin kamuwa da cuta da yadda za ta ce a'a, ku bar shi, mahaifiyarta ta ɗora mata hukuncin haila da wanka a kai. Idan kun ga abin da ya wuce shekarunta, ka je taron iyaye da malamai da lambar shafin a hannu, ka kuma nemi mace ce za ta koyar da mata su kaɗai.

Asibiti kuwa ku je tare. A Damagaram, tun wajen 2008, ana haɗa magidanta a abin da ake kira makarantar mazaje don su tattauna lafiyar matansu, domin an gane cewa idan miji bai fahimta ba mace takan yi a ɓoye, tsoro ya hana ta komawa idan ta ga matsala. Shayarwa tana karewa ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Bayan haka akwai allurar wata uku, da ashanar da ake sawa a dantse mai shekara uku ko biyar, da robar mahaifa, da ƙwayar masu shayarwa, kuma dukkansu ana dainawa haihuwa ta dawo, ko da yake bayan allura takan ɗan yi jinkirin wasu watanni. Allura da ashana kan rikita al'ada, sai ta tambayi malamarta hukuncin istihala, wato jinin ciwo wanda ba na haila ba, tun kafin ta fara. Ku gaya wa ma'aikaciyar cewa an yi mata ƙarin jini, domin robar mahaifa ta tagulla kan ƙara yawan jinin al'ada, kuma a auna jininta da hawan jini kafin a zaɓa mata. Allah shi ne mafi sani.