Wankewa, Sallama da Afuwa a Bakin Kotu

Wani manomi daga wani ƙauye da ke kusa da Ringim ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji a rediyo cewa kotun duniya ta taɓa ɗaure wani shugaba daga baya kuma ta "wanke" shi, sai wani dattijo a majalisarsu ya ce, "Shari'a saɓanin hankali." Yana son sanin ko wankewa da yafewa abu ɗaya ne, da kuma abin da karin maganar take nufi.

Malam, kalmomi uku ne a nan, kuma kowace da gurbinta. Afuwa ko yafewa tana zuwa ne bayan laifi ya tabbata, mai iko ya ɗauke wa mutum horo. Sallama kuwa sakin mutum ne ya tafi gida, kuma ana iya sake kiransa a kan maganar. Wankewa ita ce kotu ta ce laifin da aka ɗora masa bai tabbata da hujja ba. An aro ta ne daga wankin tufa da na allo, kuma duk wanda ya zauna a tsangaya ya san cewa idan almajiri ya wanke allonsa tawada tana fita, amma inuwar rubutun takan daɗe a jikin itacen.

Shari'ar Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta isa misali. An kama shi a Beljiyam a 2008. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke birnin Heg ta same shi da laifi a kan kisa da fyaɗe da kwasar dukiya da mayaƙansa suka yi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tsakanin 2002 da 2003, ta yanke masa ɗaurin shekara 18. Ba a ce shi ya riƙe bindiga ba; an kama shi ne da rashin tsawatar wa yaransa, kamar dai yadda idan shanu suka yi ɓarna a gonar gero dagaci yakan kira mai shanun, ba yaron da ke riƙe da sanda kaɗai ba. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Yunin 2018 alƙalai 3 cikin 5 suka soke hukuncin, suna cewa an hukunta shi a kan wasu laifuffukan da ba sa cikin tuhumar, kuma ba a auna wahalar da ke cikin juya mayaƙa daga wata ƙasa ba. Alƙalai 2 suka ƙi amincewa.

To, a nan ne maganar dattijon ta shigo. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin zagin shari'a, ni kuwa a ganina ba haka Bahaushe yake nufi ba. Hankali a nan shi ne zato da abin da zuciya ta riga ta yanke, ita kuwa shari'a shaida take bi, ko da garin duka ya san ɓarawon. Shi ya sa kuma ake cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Sai dai ina roƙon 'yan'uwa masu fassara labarai su riƙa kula, kada su bari mai sauraro ya ɗauka cewa wanke Bemba yana nufin ba a yi ɓarnar ba. Kotun ba ta musanta cewa an kashe mutane, an keta haddin mata ba. Mutum fiye da 5,000 ne aka amince su shiga shari'ar a matsayin waɗanda aka zalunta, kuma da hukuncin ya rushe, maganar diyyar da suke jira daga gare shi ta rushe tare da shi.